Hanyar Bayan Dutse da Ba Mu Sa a Taswira Ba

Na yi aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a Kafanchan, tun ina budurwa har furfura ta fara fito mini. Aikina duba-gari ne da rigakafi: rijiya, masai, kasuwa, allurar yara. Aikin yawo ne. Amma duk tsawon shekarun nan, abin da muke kira taswira a ofishinmu wata tsohuwar takarda ce manne a bango, ta yi ja don tsufa, layin dogo ne kawai ya fito sosai a cikinta. Ƙauyenmu, da ke can bayan Godogodo a gindin dutse, ba ya ciki. Ƙauyuka da yawa ba sa ciki.

In za a fita rigakafi, kowace ma'aikaciya sai ta yage takarda daga littafi ta zana unguwanninta da biro: ga majami'a, ga bishiyar mangwaro, ga rafi, a nan ake ajiye babur a taka da ƙafa. In aka canza mata wurin aiki, takardar ta tafi a jakarta, wadda ta gaje ta kuma ta fara tambaya daga farko. Ga kuma rikicin suna. Kowane ƙauye a wajenmu yana da sunan yare da sunan Hausa, kuma akwai ƙauyuka uku da ke amsa suna ɗaya a Hausa. Wata shekara aka kira motar asibiti saboda wata mata da naƙuda ta yi wa tsanani. Direba ya nufi ƙauyen da ya sani, ashe ɗayan ake nufi, can wani ɓangare dabam. Kafin ya juyo ya kai, lokaci ya ƙure. An ceci matar, jaririn bai zo da rai ba. Ba a hukunta kowa ba, domin babu wanda ya yi laifi. Na daɗe abin yana cin raina.

Shi ya sa ranar da aka tara mu a zauren sakatariya aka ce za a haɗa taswira ɗaya a intanet, ni ce na fara ɗaga hannu. Aka yi mana bayani cewa sashen lafiya, da na ayyuka, da na ilimi, da na gona, da kwamitin agajin gaggawa, kowa zai zuba abin da ya sani a wuri guda, kowa kuma ya gani a wayarsa. Ka tsaya a bakin rijiya, ka danna, waya ta ɗauki wurin, ka rubuta sunan unguwa da halin da rijiyar take ciki, ka ɗauki hoto. In babu sabis, waya ta ajiye, sai ka fito inda akwai ta tura. Ƙananan hukumomin da muke maƙwabtaka da su ma suna cikin tsarin, saboda haka muna ganin nasu, suna ganin namu.

Aka haɗa ni da wani dattijo mai safiyo daga sashen ayyuka. Musulmi ne, haifaffen cikin garin Kafanchan, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Madam. Ba ya da yawan magana, kuma ba ya yarda da awo ɗaya. Ko ina sauri, sai ya ce, "Madam, a sake dannawa, waya ma tana ƙarya." Muka shafe rani guda muna zaga mazaɓu, shi a babur ɗinsa, ni a bayan mai acaɓa.

Abubuwan da muka gano sun ba mu kunya, mu ma'aikata. Akwai bohol da ke rubuce a takardun ofis yana aiki, muka tarar har ciyawa ta rufe famfonsa. Akwai unguwar da sashe biyu, kowa bai san da shirin ɗan'uwansa ba, suke niyyar haƙa mata rijiya, alhali unguwar da ke hayinta mata suna ɗiban ruwa a inda aladu ke sha. Da abin ya fito a allon kwamfuta, ɗigo biyu sun hau kan juna, gefe guda kuma fayau, ba a yi gardama ba, aka mayar da rijiya ɗaya can. Kowane ƙauye kuma muka sa masa sunayensa duka, na yare da na Hausa. Na riƙa komawa gida a gajiye amma da farin ciki. A lokacin na ɗauka duk abin da aka sa a taswira alheri ne, duk abin da aka bari a waje asara ne.

A ƙauyenmu ne na fara shakka.

Mai unguwar ƙauyen kawuna ne, wan mahaifiyata, dattijon ikilisiya kuma manomin citta. Shi ya kai ni makarantar koyon aikin lafiya da kansa, ɗauke da akwatina a ka. Na tabbata zai fi kowa murna. Ya karɓe mu a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gidansa, matarsa ta kawo mana kunun acca, na yi masa bayani dalla-dalla, har na nuna masa rufin gidansa a hoton da aka ɗauka daga sama. Ya daɗe yana kallon hoton. Saboda Malam yana wurin, ya yi magana da Hausa, irin Hausarmu da ba ta damu da "ta" da "ya" ba.

"Taswira ɗin nan, wa zai gan shi?"

"Kawu, ma'aikata ne. Masu lafiya, masu gyaran hanya."

"Su kaɗai?"

Ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Shekaru kaɗan kafin zuwanmu an kawo wa ƙauyen hari. An ƙone gidaje da rumbuna, an kashe mutane, cikinsu har da ɗan Kawu na biyu. Abin da ya ceci mata da yara ranar wata siririyar hanya ce da ke bi ta tsakanin duwatsu a bayan gari. Ba a ganinta daga sama saboda itatuwa, baƙo kuma ba zai gane bakinta ba. Kowane ɗan ƙauyen ya san ta. Ni ma da ita na yi itace ina yarinya. Ina zaune a nan na gane abin da Kawu yake tunani, kuma na ji kunya cewa ni da na halarci jana'izar ban tuna ba.

Malam ne ya amsa. Ya ce, "Baba, abin da ke cikin taswirar kashi biyu ne. Akwai wanda kowa zai iya gani, kamar makaranta da babbar hanya. Akwai wanda aka kulle, sai mai izini."

"Makulli yana hannun wa?"

"Mutum kaɗan a ofis."

"In an canza su fa? In wani ya sayar?"

Na zaci Malam zai lallashe shi, kamar yadda muke yi wa mutane lokacin rigakafi. Sai ya ajiye kofin kunu ya ce, "Baba, ba zan rantse maka a kan abin da ba ya hannuna ba. Yana iya faruwa."

Kawu ya ce to ba za a sa ƙauyensa ba.

Raina ya ɓaci ranar. A hanyar komawa na ce wa Malam da ya sassauta maganar da mun gama aikinmu. Ya ce in muka samu izini da ƙarya, ranar da ƙaryar ta fito ba ƙauye ɗaya za mu rasa ba.

Ranar Lahadi na koma ni kaɗai. Bayan sujada fasto ya ba ni dama na yi wa ikilisiya bayani da yarenmu. Maza suka goyi bayan Kawu. Matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, su ne suka ƙi. Shugabarsu, wata uwa da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, ta miƙe ta ce su ne ke ɗaukar mai ciki a kan kujera zuwa bakin kwalbati su jira motar da ba ta san inda suke ba. Ta ce masu kawo hari ba su nemi takarda ba kafin su zo, amma motar asibiti tana nema. Aka yi ta ja har rana ta yi tsaka. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a sa ƙauyen da sunayensa biyu, da majami'a, da makaranta, da ɗakin shan magani, da rijiyoyi, da bohol, da kwalbatin da ke kan rafi. Hanyar bayan dutse kuwa ba za a sa ba, ko a buɗe ko a kulle. Kawu ya sa na faɗi haka da bakina a gaban mutane. Saboda haka a taswirarmu, hanya ɗaya ce tak ke shiga ƙauyen, kuma a nan ta ƙare.

Damina ta biyu bayan wannan, aka yi ruwa kwana uku a jere. Ran Litinin da safe ina shiga ofis na tarar sashen ayyuka sun riga sun sa jar alama a kan kwalbatin ƙauyenmu: ruwa ya tafi da shi. Kafin azahar, ma'aikaciyar ɗakin shan maganin ƙauyen ta hau kan dutsen da ake samun sabis ta turo rahoto. Amai da gudawa ne. Ta bi gida gida ta danna duk inda akwai mara lafiya, kamar yadda aka koya mana.

Muka taru a gaban kwamfuta, ni da Malam da shugaban kwamitin agaji. Ɗigogin ba su warwatsu ba. Sun taru ne a unguwar ƙasa, kewaye da wata tsohuwar rijiya marar murfi da ke kusa da rafi. Gidajen da ke shan bohol ɗin majami'a babu ko ɗigo. Da can sai mun je mun yi kwana biyu muna tambaya kafin mu gane haka. Nan take na kira ta na ce a rufe rijiyar, kowa ya koma bohol, a tafasa ruwa, a dama gishiri da sukari. Wannan kam ana iya yin sa ta waya. Amma ta ce mini ledar ƙarin ruwa biyu suka rage mata, kuma akwai waɗanda idonsu ya riga ya faɗa. Ta ce matar Kawu tana cikinsu.

Direban motar asibiti ya ce shi a shirye yake, amma ina zai bi? Rafin ya cika ya batse, ko mai iyo ba zai shiga da kaya ba. Shugaban kwamiti ya fara maganar a jira ruwa ya ja baya. Malam kuwa yana ta jan taswirar da yatsa, ya wuce iyakar ƙaramar hukumarmu ya shiga ta maƙwabta. Can ya tsaya.

"Madam, zo ki gani."

Wani siririn layi ne ya taso daga wajen Kwoi. Wani malamin gona na can ne ya sa shi, mutumin da ban taɓa gani ba har yau. Ya rubuta cewa hanyar motocin citta ce, tana bin tudu, ba ta tsallaka rafi ko ɗaya, kuma ta ƙare a wani falalen dutse da ake shanya citta da rani. Malam ya auna daga falalen zuwa majami'ar ƙauyenmu. Tazarar kaɗan ce. Dutse ne kawai a tsakani.

Na san falalen nan. Muna yara, in muka bi hanyar bayan dutse har ƙarshe, a kansa muke hutawa mu ci ɗinya. Amma a lokacin babu hanyar mota a wurin, kuma a kaina wurin daji ne kawai, ban taɓa haɗa shi da Kwoi ba.

Malam ya kalle ni, ya rage murya. "Ke 'yar can ce. Ni ban san komai ba. In akwai wanda za ki tambaya, ki tambaya."

Na fita bayan ofis na kira ma'aikaciyar, na ce ta nemo mini Kawu ta hawo da shi kan dutsen da ake samun sabis. Na tsaya ina jira a ƙarƙashin rufin kwano, yayyafi yana sauka. Da ya zo muka yi magana da yare. Muryarsa ta dushe. Na gaya masa abin da muka gani da abin da nake roƙo.

"Ku nawa za ku zo?"

"Shida, Kawu."

"Kin san su duka?"

"Na san su."

"Har da mai safiyon nan?"

"Har da shi. Shi ya gano inda za mu biyo."

Sai ya ce, "Wanda ya ƙi yi mini ƙarya. Ya zo. Amma abin nan da ke zana hanya a wayarku, ku kashe shi. Zan turo mutane falalen."

Muka loda ledojin ƙarin ruwa, da magani, da maganin tsabtace ruwa a motar asibiti da wata a-kori-kura ta sashen ayyuka. Muka zaga ta Kwoi, tafiya mai nisa. Direba bai taɓa bin hanyar cittar ba, wayar da ke hannun Malam ce ke nuna masa inda zai karya. Sau biyu a-kori-kurar ta kafe a laka muka sauka muka tura. Da muka isa falalen, magidanta wajen goma suna tsaye da kujeru biyu da gadon kara. Kafin kowa ya ce komai, Malam ya kashe wayarsa a gabansu, ya karɓi na sauran ma'aikatan, har da tawa, ya zuba a jaka ya ba direba ajiya. Sannan ya ɗauki kwali ɗaya a kafaɗa, da shekarunsa da komai.

Na fi shekara ashirin rabona da hanyar nan, amma ƙafata ta gane ta. Ga inda ake sunkuyawa a wuce ƙarƙashin dutse, ga inda ake riƙe saiwa a hau. Ina tafe ina tunanin matan da suka bi ta a guje da goyo, mu kuma ga mu muna bin ta a juye da kwalaye. Kawu yana jiranmu a inda ta ɓullo, bayan rumbunan unguwar sama. Ya gaishe ni a gajarce, ya karɓi kwalin daga kafaɗar Malam ya ce, "Sannu da hanya." Malam ya ce, "Yaya mai jiki, Baba?"

Mun makara ga mutum biyu: wani tsoho, da wata 'yar shekara huɗu da ta cika da hantsin ranar. Uwarta tana zaune a barandar ɗakin shan magani, ba ta kuka, tana riƙe da ɗan kwanon da take ba ta ruwa. Muka mayar da ajin makaranta ɗakin jinya, muka rataya ledoji a jikin taga. Mutum huɗu da jikinsu ya fi tsanani aka ɗauka ta bayan dutse zuwa mota tun da sauran rana, cikinsu har da matar Kawu. Duk huɗun sun dawo da ƙafarsu. Ni na yi kwana biyar a ƙauyen, har ruwa ya ja aka sa katako a kan rafi.

Bayan komai ya lafa, kwamitin agaji ya zauna. Saboda hotuna da ɗigogin suna nan kowa yana gani, ba a sha wahala ba wajen sa kwalbatin a gaban jerin ayyuka, rijiyar kuma aka ɗaga bakinta aka yi mata murfi. Aka bi taswirar aka fitar da duk ƙauyen da hanya ɗaya ce ke shigarsa kuma ta kan rafi take bi, aka ce a riƙa kai musu ledoji da magani tun kafin ruwa ya sauka. Sai shugaban kwamiti ya ce yanzu ai sai a sa hanyar da muka bi. Na ce na yi alkawari a gaban ikilisiya.

Abin da ya ba ni mamaki, Malam bai goyi bayana ba. Da muka fito ya ce, "Madam, ranar nan kin zo aiki, shi ya sa. Da kina hutu fa? Da kin yi ritaya? Da ni da kwamfuta za mu zauna muna kallon dutse. A sa ta a kulle, ya fi."

"In makullin ya faɗa hannun da bai kamata ba fa?"

"Shi ma yana iya faruwa," in ji shi.

Muka kai maganar gaban Kawu, mu biyu. Ya saurari Malam har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya ce ya ji, kuma maganar gaskiya ce, amma shi ya binne ɗa saboda hari, ya kusa binne mata saboda ciwo, kuma ba zai iya cewa ga wanda ya fi tsoro ba. Abin da ya yarda da shi shi ne a sa alama a kan falalen dutsen, a ɓangaren da ke kulle, a rubuta cewa in hanyar rafi ta yanke, a kawo mota nan a kira mutanen ƙauye. Ya ba da mutum uku da za a kira: shi, da fasto, da shugabar zumuntar mata. Su za su turo masu jagora. Hanyar kanta ta zauna a ƙafar masu ita.

Malam ya rubuta haka, amma har ya yi ritaya yana ce mini tsarin yana da rauni, domin waya tana mutuwa, mutum ma haka. Ni kuma har yau, in na buɗe taswirar na ga yadda ta cika, kowace rijiya da kowane aji, wani lokaci sai in ji daɗi, wani lokaci kuma sai in tambayi kaina su wa ke kallonta ban da mu.

A watan da zan bar aiki aka turo wadda za ta gaje ni, wata mai ƙwazo daga wajen Kasuwan Magani, ta fi ni iya waya nesa ba kusa ba. Cikin kwana biyu ta haddace taswirar, ta ce ta gane komai. Na ce saura abu ɗaya. Ran Asabar muka hau babur, muka tsallake sabon kwalbati, na kai ta ƙofar gidan Kawu. Na aika aka kira fasto da shugabar mata. Na ce musu ga wadda za ta riƙa kiransu daga yanzu, su dube ta da kyau, su ji muryarta. Kawu ya tambaye ta sunan mahaifinta da majami'arsu, da ko tana iya hawan dutse. Ta ce a garinsu ma akwai duwatsu. Ya ce ta zauna tukuna ta ci abinci.